Tsohon Firam Da Sabo

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da yawa daga cikinku sun sha tsayar da ni a bakin ɗakin cin abinci suna tambayata, wai me ya sa kekena ya ke da jiki kore, gaba baƙi, sirdi kuma na wani keke dabam. Har akwai waɗanda suka laƙaba masa suna Haɗin Gambiza, sunan kuwa ya bi shi. To, tun da Edita ya ba ni fili, bari in ba ku labarin gaba ɗaya, in huta da amsa muku ɗaya ɗaya.

Ni dai a gidan keke na tashi. Mahaifina malami ne a makarantar mishan ta ƙauyenmu, yana da wani baƙin Raleigh wanda ya girme ni nesa ba kusa ba. Kowace Asabar aikina ne in wanke shi, in goge wayoyin ƙafa, in ɗiga wa sarƙa mai. An sake masa taya ba adadi, an sake feda, an sake sirdi har sau uku da sanina, amma in ka ce masa keken ya canja sai ya yi dariya ya ce, "Firam shi ne maigida. Sauran duk baƙi ne, su zo su tafi." A lokacin ban ɗauki maganar a bakin kome ba.

Da na shigo kwaleji na sayi nawa na hannu, irin wanda a ke kira keken hawan dutse, mai kaurin taya da giya da yawa. Ya yi mini bauta shekara biyu. Sai ga shi bara, saura mako uku mu fita gwajin koyarwa, aka liƙa sunaye a allon sanarwa, na ga an tura ni wata firamare a bayan duwatsu, kilomita 11 daga inda zan sami masauki. Duk wanda ya san ƙauyukan Filato ya san irin hanyar: hawa, gangara, tsakuwa, da rafi ɗaya wanda ba shi da gada. Kuɗin acaɓa zuwa da dawowa kullum ya fi ƙarfina. Malamin da ke zuwa duba mu kuwa ba ya aiko da saƙo, sai dai ka gan shi zaune a bayan aji da littafinsa, in ya tarar ba ka iso ba ya rubuta, abin da ya rubuta kuma shi zai bi ka har ranar ba da takarda. Na ce ba kome, ai ina da keke.

A cikin makon nan ne na fara jin wata 'yar ƙara, ƙis, ƙis, duk lokacin da na miƙe tsaye bisa feda. Na kai wa Baba mai gyaran keke na bakin kasuwa. Ya juya keken, ya goge ƙurar wuyan firam da babban yatsa, sai ya kira ni in duba. Ga wani layi siriri kamar gashi, ya zagaye kusan rabin bututun, daidai inda aka haɗa shi da wuya.

Na ce, "Baba, ai sai a kai wa mai walda."

Ya ce, "Malam, da baƙin ƙarfe ne kamar na babanka, da yanzu an like shi ka hau ka tafi. Wannan alminiyam ne. Waldar ƙofa da taga ba ta kama shi. Ko ka sami mai injin da ke yi, wurin da wuta ta taɓa yakan yi laushi, sai an mai da firam ɗin duka cikin tanda an gasa shi, wa ke da wannan a nan? Ranar da zai ƙarasa karyewa, a gangara zai karye, da fuskarka za ka sauka."

Sa'an nan ya bi sauran kayan ɗaya ɗaya, ƙafafu, birki, giya, feda, da fok, watau ƙarfen nan mai reshe biyu da ke riƙe ƙafar gaba. Ya ce duk lafiyarsu lau. Maigida ne kaɗai ya mutu, baƙi suna nan zaune. Abin da ya rage shi ne in nemi firam kawai, ya kwashe kayan ya mayar.

Ba ni da kuɗin. Na je gida ranar Asabar ba da niyyar roƙo ba, amma uwa ba a ɓoye mata fuska. Ran Lahadi da yamma zan komo, Mama ta kira ni ɗaki, ta kwance bakin zane ta ba ni kuɗin dankalin da ta sayar a makon nan, wanda na san ta ajiye shi ne domin takin baɗi. Ta ce, "Ka sayi mai kyau, kada ka sayi abin da zai kā da kai." Ban iya cewa kome ba sai na gode. Ku riƙe wannan magana tata, gama ita ce ta fi wahalshe ni daga baya. Mene ne mai kyau?

Ran Talata muka shiga Jos ni da abokin ɗakina, wanda wansa ya aiko masa da sabon keke daga Ikko, shi ne kuma gwanin maganar kekuna a ɗakinmu. Muka sami wani kanti da ke da firam tsirara, ba ƙafa ba kome, guda biyu daidai tsayina. Ɗaya shuɗi ne, an rataye shi a bakin ƙofa yana walƙiya, samfurin shekarar. Ɗayan kuwa kore, yana can ƙurya bayan kwalaye, ƙura ta rufe shi. Ba a taɓa hawansa ba, tsohon samfuri ne da ya kwana a kanti shekara da shekaru ba mai tambaya. Mai kanti ya ce ya gaji da ganinsa, ya rage mini kashi ɗaya cikin uku na kuɗinsa. Kuɗin da ke aljihuna sun isa koren har da canji. Shuɗin kuwa sai na cika da abin da na ajiye na abinci, in tashi ba ko kwabo.

Abokina bai ko dubi koren sau biyu ba. Ya ce, "Mutumina, araha ba ta ado. Wannan ai zamaninsa ya wuce. Ka san dalilin da ba wanda ya saye shi?" Ni ma, in faɗi gaskiya, zuciyata tana wajen shuɗin tun daga bakin ƙofa. Na ɗaga shi da yatsa biyu, ba nauyi. Na riga na ga kaina a kansa ina shiga harabar makaranta, yara suna leƙe ta taga.

Abin da ya hana ni biya nan take wata 'yar takarda ce da Baba ya sa na rubuta kafin in taso. Ya auna kayana da ma'auni, ya ce kada in ba da kuɗi sai na gwada kowane awo da firam ɗin. Na ari ma'aunin mai kanti na durƙusa.

Kafin in gaya muku abin da na gani, ya kamata in ɗan koma baya, don ku san yadda aka yi kekuna biyu masu suna ɗaya suka ƙi jinin kayan juna. Keken hawan dutse ba tsoho ba ne a duniya. A cikin shekarun 1970 ne waɗansu samari a yankin Marin, a jihar Kalifoniya ta Amurka, suka riƙa tsinto tsofaffin kekuna masu faɗin taya suna gangarowa da su daga kan duwatsu don wasa. A 1976 suka fara wani tsere da suka sa wa suna Repack, domin birkin cikin cibiyar ƙafa yakan yi zafi har girisinsa ya ƙone, sai an sake cusa wani. A 1977 ɗayansu, Joe Breeze, ya ƙera firam musamman saboda wannan aiki, a 1981 kuma kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper, aka shiga yin irinsa da yawa ana sayarwa. Kafin ka ce kwabo abin ya zama wasan duniya, har ya shiga gasar Olamfik a Atlanta a 1996. Ƙafar waɗancan tsofaffin kekuna inci 26 ce. Ba wani bincike ne ya zaɓe ta ba, ita ce suka samu a hannu, ita kuma a ke samun tayarta a kantunan garinsu. Haka ta zauna ita ce ƙa'ida har wajen shekara 30.

Daga baya masu ƙira suka ga babbar ƙafa ta fi hawa kan dutse da rami ba tare da tsayawa ba. Aka fito da inci 29 a farkon shekarun 2000, aka kawo ta tsakiya, inci 27 da rabi, wadda ta bazu wajen 2013. Ba a jima ba manyan kamfanoni suka kusa barin 26 ɗungum a kekunansu masu tsada. In ka auna rim ɗin kansa, na 26 milimita 559 ne, na 27 da rabi 584, na 29 kuwa 622. Wani abin dariya, Raleigh ɗin mahaifina da a ke ce wa inci 28, rim ɗinsa milimita 635 ne, watau ya fi na 29 girma. Na gaya wa malaminmu na lissafi wannan, ya ce in kawo masa shi aji a misalin abin da ke faruwa in an bar 'yan kasuwa su sa wa awo suna.

To, ga ni durƙushe a kanti. Ƙafafuna 26 ne, shuɗin firam na 29 ne. Na auna tsakanin reshen baya inda ƙafa ke shiga: koren milimita 135, daidai da cibiyar ƙafata, ana ɗaure ta da siririn tsinken nan mai ɗan hannu. Shuɗin 148 ne, awon da a ke kira Boost, wanda ya shigo wajen 2015, ana zura masa ƙarfe mai kaurin milimita 12 ta cikin firam. Ƙafata ba za ta zauna ba ko da tsayin ya yi daidai. Na duba wuya. Na koren miƙaƙƙe ne, inci 1 da ɗaya bisa takwas sama da ƙasa, kamar fok ɗina. Na shuɗin yana da faɗi a ƙasa, inci 1 da rabi. Ana iya sa masa wani zobe ya karɓi siririn fok, amma me amfanin haka, tun da fok ɗin nawa gajere ne na ƙafar 26? Na duba birki. Nawa irin mai matse gefen rim ne, yana bukatar 'yan ƙusoshi biyu a jikin firam. Koren yana da su, yana kuma da mazaunin birkin faifai in wata rana na sami hali. Shuɗin faifai kawai ya sani. Daga ƙarshe na nemi ramukan ɗaura kariya a baya, inda zan aza littattafan yara. Koren yana da huɗu. Shuɗin ba shi da ko ɗaya, gama ba don ɗaukar kaya aka yi shi ba.

A nan ne maganar mahaifina ta faɗo mini, na kuma ga ashe rabinta ya gaya mini. Firam maigida ne, gaskiya, amma maigida shi ke faɗin baƙon da zai shiga gidansa. Na juya takardar Baba na yi lissafi a bayanta. In na ɗauki shuɗi, sai na sayi ƙafafu biyu, taya biyu da robar ciki, fok, da birki gaba da baya. Mai kanti ya faɗi kuɗin kowanne, na tara, sai ga shi kayan sun fi firam ɗin kansa tsada. Da ya ga fuskata ta canja ya ce, "Malam, kada ka damu. Ka biya firam yau, sauran in rubuta maka, kana biya kaɗan kaɗan." Na ce ya bar ni in kwana da shawara.

Kada wani ya zaci ina kushe sabon ne don ban same shi ba. Da yammacin ranar abokina ya ba ni nasa, mai ƙafa 29, na hau dutsen bayan filin ƙwallo na gangaro. Kai! Duwatsun da kekena ke tsalle a kansu, wannan sai ya bi ta kansu kamar ba su. Wuyan sababbin firam ya fi kwantawa baya, jikinsu ya fi tsawo, saboda haka ƙafar gaba tana can gabanka, ba ka jin kamar za ka kife ta kan ƙaho. Birkin kuwa da yatsa ɗaya a ke kama shi, ruwa da taɓo ba su dame shi kamar yadda su ke damun nawa ba. Masu ƙirar nan ba wauta suka yi ba. Na sauka na tsaya shiru. Mama ta ce in sayi abin da ba zai kā da ni ba, ga shi kuwa wannan ya fi wuyar kā da mutum. Daren nan ban yi barcin kirki ba. In na ce kore, sai in ji kamar rowa na ke yi wa raina. In na ce shuɗi, sai in ga kaina na fara aikin malanta da bashi a wuya, da kuɗin takin Mama a cikin abin da ba zai ko motsa ba sai na ƙara wasu.

Da safe na koma wurin Baba na zayyana masa duka. Ban sami abin da na ke so ba, watau ya yanke mini. Ya ce shi da za a bi tasa, da baƙin ƙarfe zan nema, ko da ya fi nauyi. Sa'an nan ya shiga faɗin aibin koren, abin da ban zata ba. Ya ce fok mai kyau na 26 yana ƙara wuyar samu kowace shekara, ranar da nawa ya gaji sai dai na gwanjo. Ya ce kuma in lura da maratayin giya, wani ɗan guntun ƙarfe mai laushi da a ke ɗaura injin giya a jikinsa. An yi shi ne don in keke ya faɗi shi ya lanƙwashe, firam ya tsira. Kowane samfuri da irin nasa, na tsohon samfuri kuwa in ya karye sai ka yi ta yawo. A nan ma sabon ya fi, gama tun 2019 kamfanin SRAM ya fito da maratayi iri ɗaya wanda masu ƙira da yawa suka karɓa. Da ya gama sai ya ce, "Ɗana, zuwa da kai ya fi aike. Ka je ƙauyen da aka tura ka ranar kasuwarsu, ka ga abin da ke rataye a rumfar mai faci."

Na je ran Alhamis, na kuma gaishe da hedimasta. Mai faci ɗaya ne a garin, ƙarƙashin mangwaro. Na duba rumfarsa. Tayar 28 ta kekunan dattawa tana nan, tayar 26 tana nan har kala biyu, robar birki irin tawa a cikin gwangwani, wayar birki, boris. Na tambaye shi ko yana da tayar 29. Ya ce in sake faɗi. Na sake. Ya ce shi dai bai taɓa riƙe ta ba, amma in na ba shi kuɗi zai sa direba ya tambayo a Jos. Na tuna hanyar da na biyo da safen nan, da irin tsakuwarta mai kaifi, na ƙidaya kwana nawa zan yi ba na zuwa aji in taya ta yage ranar Litinin. A kan hanyar komowa na tuna samarin nan na Kalifoniya, su ma abin da kantin garinsu ke da shi suka hau.

Ran Juma'a na koma kanti da Baba, na biya masa kuɗin mota. Ya goge koren tas, ya bi kowace walda da ido a hasken rana, ya ɗaura zare daga wuya zuwa reshen baya hagu da dama ya ga ba karkata. Ya sa mai kanti ya kwashe kwalaye har aka sami maratayin giya na biyu irin nasa, ya ce a haɗa mana da shi ko mu fasa. Aka haɗa. Na biya, abokina yana tsaye yana girgiza kai.

Duk da awon da muka yi, abu ɗaya ya kuɓuce mana. Da aka zo sa sirdi, sandarsa ta yi wa ramin firam siriri, tawa milimita 27.2 ce, ramin kuwa 30.9. Baba ya tona tarin tsofaffin kayansa ya zaro wata sanda da sirdinta a manne, ƙusar ta yi tsatsa ta ƙi kwancewa, sai muka sa su haka nan. Asalin jan sirdin da ku ke yi wa dariya ke nan. Canjin da ya rage na kai wa Mama. Ta ƙirga, ta ɗauki rabi, ta mayar mini da rabi ta ce in sayi alli da kwali.

Na yi gwajin koyarwata a kansa daga farko har ƙarshe. Malamin duba ya zo sau uku, duk ya same ni a gaban allo. Taya ta fashe sau biyu, sau ɗaya kuma ta yage, mai facin ƙarƙashin mangwaro ya sake mini ita kafin a tashi tara. Kowace Juma'a ina ɗaure littattafan yara 43 a kariya in kai masauki in duba. Amma akwai wata safiya, an kwana ana ruwa, ina gangarawa rafi, robar birki ta jiƙe ta ƙi kamawa, ƙafar gaba ta faɗa rami, na wuntsila ta kan ƙaho. Na kuje gwiwa da tafin hannu, wandona ya yage, maratayin giya ya lanƙwashe, da na biyun nan na ƙarasa zangon. Ranar da hannun hagu na yi rubutu a allo, yara suna ta ƙunshe dariya. Ina zaune a bakin rafin ina wanke jini, na tambayi kaina ko shuɗin da ya haye ramin nan. Ina tsammani da ya haye. Ban gaya wa Mama labarin faɗuwar ba sai da tabon ya warke.

A hutun da ya wuce na bi ta ƙofar kantin nan, na tsaya don in sake ganin shuɗin. Ba ya bakin ƙofa. Wani ja ne a wurin, an ce shi ne na bana. Na leƙa ciki, sai ga shuɗin can ƙurya bayan kwalaye, a kan ƙusar da na sauko da nawa, ƙura ta fara hawansa. Mai kanti ya gane ni, ya taso da murna ya ce, "Malam, shigo mana! Firam ɗinka yana nan, na rage maka kashi ɗaya cikin huɗu." Na shiga, na ɗaga shi da yatsa biyu kamar dā, na tambayi kuɗin ƙafafu da fok. Sun ƙaru. Na mayar da shi kan ƙusa, na ce ya ba ni robar birki biyu, ya kuma duba mini ko akwai sauran maratayin giya na koren a cikin kwalayen nan.